Daga Sifawa zuwa Wayar Hannu: Yadda Malaman Sakkwato Suka Tsare Lokacinsu

A ƙarshen shekarar 1806 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kammala rubuta Bayanu Wujubil Hijra, littafi mai babi 63 a kan hijira da shugabanci da dokokin yaƙi. Yana da kyau mai karatu ya tuna halin da ake ciki a lokacin. Ba a cika shekara uku da yin hijira daga Degel zuwa Gudu ba. Jama'a ta sha kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa, ta kuma sake ɗanɗana kuɗarta a Alwasa a 1805. Ga yunwa, ga ciwo, ga Alƙalawa, babban birnin Gobir, tana tsaye daram, domin ba ta faɗi ba sai a 1808. A tsakiyar wannan hayaniya ne dattijo mai shekara 50 da ɗoriya ya sami natsuwar jera hujjoji daga littattafan magabata, babi bayan babi, har ya kai ƙarshe.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu bin diddigin rubuce-rubucen wannan gida, irin su John Hunwick da ya tattara sunayensu a kundin da ya fito a 1995, sun lissafa wa Shehu littattafai fiye da 100, haka ma ɗansa Muhammadu Bello. Ƙanensa Abdullahi ya bar tafsiri cikakke da manyan littattafai na nahawu da fiƙihu da siyasa. Nana Asma'u ta bar ayyuka kimanin 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Duk da alƙalamin kara da tawada aka yi su, a kan takardar da ake ɗaukowa bisa raƙuma daga bakin Bahar Rum.

Mun saba jin wannan lissafi a wajen taron lacca, a yi kabbara, a watse. Galibi akan rufe zancen da cewa baiwa ce da albarka, kuma ba ni da ja a kan haka. Sai dai ma'aikacin da ya zauna a ofis a Sakkwato da safe da niyyar gama rahoto guda, azahar ta same shi yana zagaye tsakanin Facebook da WhatsApp da TikTok, bai ƙaru da komai daga wannan amsa ba illa jin kunya. Abin da zai amfane shi shi ne sanin yadda mutanen nan suka tsara zamansu. Idan aka bi tarihin a hankali za a ga cewa ba su dogara da ƙarfin zuciya kaɗai ba. Sun sa tazara da ƙofofi da masu tsaron ƙofa tsakaninsu da abin da zai cinye musu yini, kuma sun yi gardama mai zafi a tsakaninsu a kan abin da ya kamata a yi da kayan shagala.

A farkon lamarin, babban abin da ke cinye lokacin malami a ƙasar Hausa shi ne fada. Malamin da ya kusanci sarki yana samun riguna da dawaki da bayi, amma kwanakinsa sun zama na sarki: zaman fadanci tun hantsi, rakiya, addu'ar fita yaƙi, jiran a kira shi. Abdullahi ya bayyana a Tazyinul Waraƙati cewa a shekarun farko na wa'azi ba al'adar Shehu ba ce zuwa wurin sarakuna, sai daga baya da jama'arsa ta yi yawa ya ga babu makawa. Ko a lokacin ma, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, wajajen 1788, ya yi musu kyauta mai tsoka, Shehu bai karɓa ba. Abin da ya nema a madadinta shi ne a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Akan karanta wannan a matsayin gudun duniya da jaruntaka a gaban mai mulki, kuma haka ne. Amma akwai wata fuskar: kyautar sarki igiya ce, wanda ya karɓa ya sayar da safiyarsa. Shehu ya koma Degel, ƙauyen da ke nesa da Alƙalawa, inda mai son ganinsa sai ya yi tattaki.

Ko a Degel ɗin ma ba kowane lokaci ake ganinsa ba. Bello ya siffanta tsarin mahaifinsa a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Yakan fito bayan la'asar ya karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi. Yakan fito bayan lisha. Daren Juma'a kuma na wa'azi ne ga kowa da kowa. Wato jama'a sun san lokacin da za su same shi, sun kuma san lokacin da ba za su same shi ba, kuma a cikin wancan lokaci na biyu ne aka rubuta littattafai irin Ihya'us Sunna na 1793. Wannan tsari ba Shehu ya ƙago shi ba. Imamu Gazali, wanda malaman wannan gida suke yawan kafa hujja da shi, ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya a Bidayatul Hidaya, inda ya sa salloli biyar su zama turakun da ake ɗaure kowane aiki a jikinsu. Babu agogo, amma akwai iyaka da kowa ke ji da kunnensa. Karatu yana farawa da kiran salla, yana ƙarewa da wani kiran.

Akwai wani ɗan bayani a littafin na Bello da na fi so a kan duk sauran. Ya ce ya lura idan Shehu zai fita wurin taro yakan ɗan tsaya a wani gefe na gida, ya yi wata magana a hankali, sannan ya fita. Da ya tambaye shi, sai ya nuna masa cewa niyyarsa yake sabuntawa game da abin da zai fita ya yi. Ma'anar wannan ta addini a fili take. Amma ko ta fuskar aiki zalla, mutum ne da ba ya tsallakawa daga wani hali zuwa wani sai ya tambayi kansa me zai je yi. Kwatanta wannan da yadda hannu ke kaiwa ga waya yau: sau nawa mai ita ya san abin da ya shiga nema kafin allon ya haska?

Jarrabawa mafi girma ta zo bayan nasara. Da Alƙalawa ta faɗi, Shehu ya wayi gari yana shugabantar daular da ta doshi Adamawa ta gabas, ta doshi Nufe ta kudu. Masu tuta suna aiko da tambayoyi, ana rigima a kan ganima da gonaki da muƙamai, baƙi suna kwararowa, kowa kuma Shehu yake so ya gani da idonsa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Abin da aka saba gani a tarihin duniya shi ne jagoran da ya ci yaƙi ya shiga sabon birni ya zauna a tsakiyarsa. Shehu bai yi haka ba. Wajajen 1810 ya tare a Sifawa, kudu da Sakkwato, ya zauna can kimanin shekara biyar yana karantarwa yana rubutu. A 1812 ya raba tafiyar da mulki: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Shi ne Amirul Muminina har ya rasu, ana kawo masa manyan al'amura, amma hidimar yau da kullum ta bar ƙofarsa.

Wannan mataki yana da farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Rabon 1812 shi ne tushen zaman Gwandu da Sakkwato a matsayin cibiyoyi biyu, kuma bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817 an sami tsamin dangantaka tsakanin Abdullahi da Bello a kan gadon shugabanci, har sai da yaƙin Kalambaina ya sake haɗa su. Wanda ya janye daga tsakiyar al'amura yana barin gurbi, gurbi kuma ba ya rasa mai neman cike shi. Duk da haka, dubi abin da waɗannan shekaru suka haifar. A 1812 kaɗai aka sami Najmul Ikhwani na Shehu, da Liya'us Sulɗani na Abdullahi, da Infaƙul Maisuri na Bello. A shekarar da ta biyo Abdullahi, wanda ke zaune a Boɗinga kusa da Sifawa, ya haɗa Tazyinul Waraƙati, ba da jimawa ba kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili. Kusan duk abin da muka sani game da yadda jihadin ya faro daga waɗannan littattafai ya fito. Da mutanen nan uku sun bar kowane mai sallama ya mallaki yininsu, da tarihinsu ma a bakin wasu za mu ji shi.

A cikin Najmul Ikhwani Shehu ya yi wata nasiha da ta shahara. Ya umarci almajirai su karanta littattafan ɗan'uwansa Abdullahi domin ya fi mayar da hankali ga tsare zahirin shari'a, su karanta na ɗansa Bello domin ya fi kula da ilmin siyasar al'umma, su karanta nasa domin yana kula da ɓangarorin biyu. Wannan rabon aiki ne a fili. Babu wanda ya ɗora wa kansa cewa sai ya tofa albarkacin bakinsa a kan kowace magana da ta taso. Ko da aka dawo da Shehu Sakkwato a 1815, gefen yamma ya zauna, a sabuwar unguwar da aka faɗaɗa ganuwa ta kewaye ta, inda Hubbare yake yanzu.

Sai gardamar ganguna, wadda a ganina ta fi kowane ɓangare na wannan tarihi kusa da matsalarmu. Malaman lokacin suna da kalma ta musamman ga abin da ke ɗauke hankali daga abin da ya kamata: lahawu. Kayan kiɗa kuwa su ne kayan lahawu. A Kitabul Farƙi, cikin laifuffukan da Shehu ya jera wa sarakunan Haɓe har da shagaltuwa dare da rana da kaɗe-kaɗe ba tare da wata manufa ta shari'a ba. A kan wannan babu saɓani tsakaninsa da ƙanensa. Saɓanin ya taso ne a kan magani.

Abdullahi mutum ne mai kaifi ɗaya. Wajajen 1807, da ya ga yadda son dukiya da muƙami ya fara cin zukatan mayaƙa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu tafiyar da mulki. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, kuma kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, aka farfasa kayan kiɗan da ya tarar a wurinsu, har aka mayar da itacen ganguna komayen zuba wa dawaki abinci. Hanyarsa ke nan: abin da ke shagaltarwa a kawar da shi daga doron ƙasa, a huta.

Shehu ya bi wata hanyar. A Misbahu li Ahli Hazaz Zamani na 1808 ya bambanta kiɗa da kiɗa. Gangar da ake bugawa don tara runduna ko sanar da jama'a wani abu tana da gurbi, haka ma bandirin biki. Ya kuma nuna cewa inda malamai suka yi saɓani bai dace a tsananta wa mutane ba. Abdullahi bai gamsu ba, ya mayar da martani a Liya'us Sulɗani, Shehu kuma ya sake bayani a Najmul Ikhwani. Wa da ƙane, a garuruwa biyu da ke maƙwabtaka, suna muhawara da littattafai. Tambayar Shehu a kullum ita ce: don me ake bugawa, a wane lokaci, kuma yaushe za a daina? Tambayar Abdullahi ita ce: wa ya taɓa ganin an buɗe wa shagala ƙofa kaɗan ta tsaya a kaɗan ɗin?

Tarihi ya ba kowannensu gaskiya ta wani gefe. Haramcin bai ɗore ba. Tambari da kakaki da algaita sun koma fadoji, ƙasar Sakkwato kuma ta zama mahaifar manyan makaɗan fada na ƙarni na 20, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ba na jin akwai Bahaushen da zai so a ce ba a yi su ba. Amma tsoron Abdullahi ma ya tabbata, domin iyakar da Shehu ya shata ba ta tsaya inda ya shata ta ba.

Duk wanda ya taɓa goge Facebook daga wayarsa ranar Lahadi ya mayar da ita ranar Laraba ya san hanyar Abdullahi da inda take karyewa. Ƙasa ma ta gwada. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, saboda dalilan siyasa, mutane kuwa suka koyi zagayawa ta bayan gida cikin 'yan kwanaki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Ba don maganin shagala aka yi ba, amma ya nuna wani abu: da layi ya ɗauke, ciniki da aika kuɗi da jin labarin 'yan'uwa suka ɗauke tare da shi. Gangar yaƙi da gangar wasa yanzu a cikin akwati ɗaya suke. Ba za ka fasa ɗaya ka bar ɗaya ba. Shi ya sa ma'aikacin yau, ko yana so ko ba ya so, hanyar Shehu ta rage masa, wato shata iyaka, tare da riƙe gargaɗin Abdullahi cewa iyakar da ba ta da katanga ba ta daɗewa.

Wanda ya fi nuna yadda ake gina katangar shi ne Bello, domin shi ba shi da damar janyewa Sifawa. Daga 1817 zuwa rasuwarsa a 1837 yana fama da tawaye da hare-haren Gobirawa da Kabawa, yana fita yaƙi da kansa, yana amsa wasiƙun sarakunan gabas, yana kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka. A cikin wannan hali ya yi rubutu a kan mulki, irin Usulus Siyasa da ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma yi a kan magani, har da ciwon ido da basir. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826, ya bar mana hoton yadda ake isa gare shi. Baƙo yakan fara sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ke kula da masauki da saƙonni da lokacin ganawa. Ranar da aka kai Clapperton gaban Bello karon farko, sai da aka ratsa da shi zaure uku masu tsaro. A zuwansa na biyu ya kawo masa kyautar littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci. Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, gobara ta cinye. Ya faɗi haka ne wata safiya da Clapperton ya shiga wurinsa ya tarar da shi a ɗakin ciki da littafin a gabansa. Wannan fa a daidai watannin da ake yaƙi da Gobir, rundunar Shehun Barno Alkanemi kuma tana shirin dosar ƙasar Kano.

Zaure shi ne abin lura a nan, kuma ba sarakuna kaɗai ke da shi ba. Gidan Bahaushe na gargajiya an gina shi a kan fahimtar cewa duniya tana da haƙƙi a kanka, amma ba ta da haƙƙin faɗo maka kai tsaye. Baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama. Yaro ya shiga ya faɗa. Maigida ya fito, ko ya aiko a ce yana zuwa, ko a ce ya dawo bayan la'asar, kuma babu wanda zai ce an wulaƙanta shi. Tsakanin sallama da amsawa akwai tazara, a cikin tazarar nan ne mutum yake yanke hukunci.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ta tsallake zauren. Shafukan sada zumunta da suka biyo baya sun wuce nan: sun shiga har ƙuryar ɗaki sun zauna. Kuma da gangan aka ƙera su haka, domin kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuma tana biyan tsawon lokacin da ido ya yi a kan allo. Littafi yana da shafin ƙarshe, jarida tana da bango na baya, amma tun wajajen 2006 aka ɓullo da tsarin da shafi ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙara zubowa. Ba ka san abin da ja na gaba zai kawo ba, ko labarin rasuwa, ko abin dariya, ko zagin wani ɗan siyasa, kuma masana halayyar ɗan Adam tun zamanin B. F. Skinner sun nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kowane iri riƙe mai nema. Herbert Simon ya hango wannan tun 1971, inda ya yi bayanin cewa idan labari ya yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin mai karɓarsa. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon zaman ma'aikata a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin su sauya: a 2004 kimanin minti biyu da rabi ne, a ma'auninta na baya-bayan nan ya koma daƙiƙa 47. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yana maƙalewa a na farkon. Don haka leƙen minti biyu ba minti biyu yake ci ba. Yana cin su, ya ci lokacin da za a ɗauka kafin zaren tunani ya sake ƙulluwa.

Idan aka fassara tsarin Sakkwato zuwa wannan yanayi, abin da zai fito ba baƙo ba ne. Waya ta kwana a wani ɗaki, ko ta zauna a aljihun tebur tun daga shiga ofis har azahar, wannan ita ce Sifawar talaka. A kashe ƙarar sanarwa ta kowace manhaja in ban da kira, domin mai larurar gaske zai kira, wannan shi ne yaron da ke zaure. A sa wa shafukan lokacin da aka sani, bayan azahar ko bayan la'asar, yadda Shehu ya sa wa jama'a lokacin fitowarsa. Manhajojin da ke rufe shafi bayan minti kaza suna da amfani daidai gwargwado, amma maigadin da kai ne ke biyansa, kai ne kuma za ka iya sallamarsa da danna yatsa, ba ya kai Giɗaɗo ƙarfi. Shi ya sa nisa ya fi su aiki.

Akwai inda mutum ɗaya ba zai iya ba. Zaure ya yi aiki ne domin gari gaba ɗaya ya yarda da shi. A ofisoshinmu da yawa yanzu sanarwar taro da umarnin shugaba da takardar da ake jira duk ta zauren WhatsApp na ma'aikata suke zuwa, a gauraye da gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure da bidiyon da wani ya ga ya dace kowa ya gani. (Abin dariya ne ma da muka sa wa wannan wuri suna zaure, alhali shi ne ya rushe zauren.) Ƙaramin ma'aikacin da ya kashe wayarsa awa uku yana iya fuskantar tuhumar raina na gaba. Nan nauyin yana kan shugabanni: darakta ko shugaban sashe a jami'a ko babban likita shi ne zai iya cewa saƙon aiki yana da hanyarsa daban, kuma wanda bai amsa ba kafin azahar bai yi laifi ba. Shehu ya iya komawa Sifawa ne domin shi ne Shehu. Magatakardan Bello ba su da wannan zaɓi sai in an ba su.

Wannan ya kawo mu ga wata gaskiya da masu yabon zamanin da ba su cika son taɓawa ba. Natsuwar malaman ƙarni na 19 tana tsaye a kan gumin wasu. Akwai almajirai masu kwafar littattafai, akwai mata masu daka da girki, akwai kuma bayi a gidaje da rumada, waɗanda daular ta dogara da aikinsu ƙwarai. An ruwaito cewa Shehu da Bello sun yi ƙoƙarin ci daga sana'ar hannunsu, amma wannan bai sauya tsarin tattalin arzikin da suke ciki ba. Tsadar takarda ma ta taimaka ta wata hanya: wadda ake samu daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, sau da yawa da tambarin jinjirin wata uku a jikinta, kuma wanda ya san wahalar da ta sha kafin ta iso hannunsa ba zai ɓata ta da maganar da bai auna ba. Mu kuwa rubutu ya zama kyauta, shi ya sa muke zubar da shi a ƙarƙashin kowane saƙo.

Saboda haka wadda ta fi kusa da yawancin masu karanta wannan, musamman mata ma'aikata da ke tashi daga ofis su faɗa hidimar gida, ita ce Nana Asma'u. An haife ta a 1793, ta auri Waziri Giɗaɗo, ta zauna a gidan da baƙin daula ba sa yankewa, ta haifi 'ya'ya ta rene su, ana kuma kawo mata matsalolin mata daga ko'ina. Ba ta da Sifawa. Matan karkara da take son ilmantarwa sun fi ta rashin lokaci, domin yininsu a yanyanke yake tsakanin rijiya da turmi da murhu.

Dabararta ita ce ta sauya siffar karatun ya dace da irin lokacin da suke da shi. Ta zuba ilmin cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, masu ma'auni da amsa-amo, waɗanda ake haddacewa a rera ana kaɗi ko ana daka. Wajajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'yan taru: a kowane yanki akwai jaji, dattijuwa amintacciya da Asma'u ke naɗawa da malfa da jan ƙyalle, wadda ke jagorantar 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, galibi bayan an kawar da amfanin gona. Matan da ke tsakiyar shekarun haihuwa da reno ba a ɗora musu tafiyar ba, karatun ne ke zuwa ya same su a gida. Jaji ta karɓi waƙa, ta ji bayaninta, ta koma ƙauye ta koyar. Guntayen lokacin da ke tsakanin aiki da aiki, irin waɗanda a yau muke miƙa wa gajerun bidiyo a cikin Keke Napep ko a layin banki, su ne ta cika da abu guda da aka zaɓa tun kafin lokacin ya zo, ake maimaita shi har ya zauna.

Asma'u ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon tsarin. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka kawo agogo da ofis da makarantar boko, tsarin bai mutu ba. Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato tana nazarin takardun gidan Waziri Junaidu, ta tarar da 'yan taru suna zuwa Hubbare daga ƙauyuka tare da jajinsu fiye da shekara 100 bayan rasuwar Asma'u, suna rera waƙoƙin da ta tsara.